Koren Sinadari Na Ce, Ba Miyar Kuka Ba

Tun ranar da na yi suɓul da baka a wata majalisa a Jahun, na ce masana sun koma tatsar man ƙamshi daga jikin tsirrai da koren sinadari, ban sake samun sakat ba. Wani ya ce in kore ake nema a zo gidansu, kullum dare akwai miyar kuka, tukunya guda kyauta. Wani ya ce a'a, kududdufin bayan gari ya fi, don gansakukarsa ta kusa shekara. Wani dattijo kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, karatun nan dai a riƙa yi ana hutawa." Na san da yawa daga cikinku masu karatu bakinku ɗaya da su. To, ku matso ku gyara zama. Yau ni da ku ne, ba kuma zan tashi ba sai na ga wanda zai fara sosa ƙeya.

Mu fara kashe maganar launi. Koren nan laƙabi ne kurum. Idan masana suka ce sinadari kore ne, suna nufin ba ya cutar da mai aiki da shi, ba ya ɓata ƙasa da ruwa da iska, kuma tushensa ba mai ƙarewa ba ne. Ruwan rijiya fari tas, kore ne a wurinsu. Sunan ya kankama ne bayan 1998, lokacin da wasu Amurkawa biyu, Paul Anastas da John Warner, suka fitar da littafi mai ƙa'idoji 12 na yadda za a yi aikin sinadarai ba tare da an bar ɓarna a baya ba. Shi kuwa sinadarin da nake magana a kansa, ai ko mai sayar da jiƙo da tsimi a bakin kasuwa ya san shi: abu ne mai ruwa-ruwa da ake zuba sassaƙe ko ganye a ciki, ya janyo abin da ake so, ya bar tuƙa.

Sai man ƙamshi. Nan ma an yi mini caa, wai ai man gyaɗa ma yana da ƙamshi, balle man shanu in ya ji albasa. Gaskiya ne, amma ba dangi ɗaya ba ne. Ɗauki farar takarda, ka ɗiga man gyaɗa a gefe guda, ka matse ɓawon lemo a ɗaya gefen, ka ajiye ka tafi sallar la'asar. Kafin gobe na lemon ya bi iska, na gyaɗar kuwa yana nan daram, tabonsa sai dai jikoki su gada. Wanda ke tashi ɗin nan shi ne man ƙamshi. Shi ke sa ka ji kanumfari tun ba a buɗe ƙullinsa ba. Shi ke cikin citta da kimba da masoro da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, da saiwar jema da kajiji, da ganyen bishiyar turare da aka jera mana a gefen tituna da shingayen tare hamada. Shi ne kuma ke fesowa idan ɗan makaranta marar jin magana ya matse ɓawon lemo a idon ɗan'uwansa. Wanda bai taɓa yi ba a cikinku ya ɗaga hannu. Na gani, babu.

To me ya sa ake neman kore, me aka gani a wanda ba kore ba? Sunansa hekzen. Daga ɗanyen man fetur ake samo shi, ƙanin fetur ne uwa ɗaya uba ɗaya. Manyan masana'antun man girki a duniya da shi suke wanke mai daga waken suya da sauran ƙwayoyi, masu turare ma da shi suke janyo ƙamshin furannin da ba sa jure zafi. Gwani ne ƙwarai, ba na ƙi ba. Yana iya tsotse mai har abin da zai rage a tuƙa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma da ya ji zafin digiri 69 sai ya tashi ya bar maka man. Amma ma'aikacin da ya daɗe yana shaƙarsa jijiyoyin hannu da ƙafa suke mutuwa, kuma ko a Tarayyar Turai sai da aka sa doka cewa ragowarsa a man girki kada ta wuce miligiram 1 a kilo. Ga kama wuta. A nan zan ajiye wasa. Mutumin Jigawa ba ya bukatar a ba shi labarin abin da dangin fetur ke yi, bayan gobarar man fetur da ta faru a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu da rahama.

Yanzu ku ji inda dariyar take juyowa kanku. Ku da kuke cewa wannan ƙaryar Turawa ce, a gidan wa kuka kwana? Ku leƙa tsakar gida ranar da Inna ke aikin ƙuli-ƙuli. Ta soya gyaɗa, ta murje ɓawon, an kai inji an markaɗo. Sai ta juye a turmi, ta riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, har ƙullin ya haɗe ya dunƙule, mai ya taso yana ƙyalli. Ruwa ne ya shiga ya kori man daga maɓoyarsa. Babu hekzen, babu guba, tunkuzar ma ba a zubar ba, ita ce ƙulin da kuke ci da rogo kuna musu da ni. Wani farfesa a Avignon ta Faransa, Farid Chemat, haifaffen Aljeriya, shi da abokan aikinsa sun zauna a 2012 sun tsara ƙa'idoji 6 na tatsa mai tsafta. A ciki har da cewa a yi aiki da ruwa ko sinadarin da aka samo daga gona, kuma tuƙa ta zama abin amfani, kada ta zama shara. Da an kai wa Inna takardar, da cewa za ta yi a ba ta ta ƙunsa ƙuli.

Wanda ya fi wannan kusa da maganarmu shi ne sirace. Mura ta kama ka, an tsinko ganyen turare da na lemun tsami, an tafasa, an lulluɓe ka da bargo kai da tukunya, kana gumi kana salati. Me kake tsammani ke buɗe maka hanci? Ruwa da mai ba sa ga maciji, amma tururi yana ɗaukar man ƙamshi a kafaɗa ya tashi da shi tun zafin bai wuce na tafasar ruwa ba. Da a ce maimakon hancinka an sa bututu, an bi da shi ta cikin randar ruwan sanyi, sai tururin ya koma ruwa, man ya kwanta a samansa, ka yaɗe shi kamar yadda ake yaɗe maɗi. Iyakar sirrin ke nan. Na kanumfari kuwa mai taurin kai ne: ya fi ruwa nauyi, don haka nutsewa yake yi. A ɗakunan gwaji akwai wata 'yar kwalbar gilashi mai lanƙwasa da ake kira Clevenger, da sunan wanda ya ƙirƙiro ta a 1928, aikinta ke nan. Bargo da tukunya ne aka yi wa kwalliya.

Kuma kafin wani ya ce ilimin Nasara ne, a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya Al-Kindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsarsa, mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Har gobe a Ɗa'ifa da tukwanen tagulla ake dafa furen wardi, haka a Kannauj ta Indiya. Alhazanmu suna sayo 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, su dawo suna mitar tsada. Ranka ya daɗe, sai an tara fure tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo 1 na man. Wanda ya sayar maka da cikin kwalbar lemo a kan kuɗin cefanen kwana biyu ya ce na Ɗa'ifa ne, ka yi masa addu'ar shiriya.

Na hango Ustaz yana gyaran murya. Na san inda za ka, Allah gafarta Malam. An gaya maka cikin korayen nan har da itanol, wato barasa, ka ce ashe biri ya yi kama da mutum. Haka ne, tana ciki. Daga rake da rogo da masara ake yin ta, tana janyo ƙamshi sosai, kuma ba ta da muguntar hekzen. Hukuncin turaren da ke da ita kuwa malamai sun yi saɓani, ni kuma ban kai in sa baki ba, na bar wa masu rawani. Sai dai in tsegunta maka wani abu: kalmar alkohol da Turawa ke kiranta da ita daga Larabcin al-kuhl ta fito, wato gida ɗaya da kwallin da ke idonka. Kada ka goge, ba na nufin komai. Kuma in ba ka son ta, ƙofa ba ɗaya ba ce. Mai da kitse ma suna kama ƙamshi. A Grasse ta Faransa, da can a kan kitse ake shimfiɗa furanni har ya sha ƙamshinsu. Kowace Bafulatana ta san haka ba tare da ta je Faransa ba, shi ya sa ba ta ajiye man shanu kusa da daddawa.

Tun da an ambaci Fulani, dole in juya kan abokan wasanmu. Mu Jahunawa ba ma jin nauyin Barebari, amma gaskiya ɗaya ce, a harkar humra da turaren wuta sun yi mana fintinkau. Su suka san yadda ake soya farce a daka, a jiƙa kajiji da sandal da hawi, a rufe a bar su su tsumu makonni. Ko da yake ni a ganina zafin Maiduguri ne ya tilasta musu, ba basira ba. To amma Hajiya, tsakaninki da Allah, turarukan kwalbar da kike tuttulawa a cikin haɗin nan, kin san abin da ke ciki? An ce miki daga Dubai. Madalla. Nawa ne man tsiro a ciki, nawa ne sinadarin ƙari? Amarya za ta shafa a jiki, za a turara ɗakin mai jego da jariri a ciki. Hancinki gwani ne, na yarda, amma hanci bai iya lissafi ba.

Nan ne zan raba gari da rukuni na biyu na masu musu, waɗanda suka fi na farko wuyar sha'ani. Su ne masu cewa, "Ka gani ko? Ai kakanninmu sun riga su, ba abin da za a koya mana." Sannu, jikan masana. Kakarka ta iya fitar da mai, amma tunkuzarta cike take da man da ya ƙi fita, shi ya sa ƙulinta ke da daɗi kuma ribarta ba ta da yawa. Mai sirace ya san ganyen turare na aiki, bai san cewa bishiyar turare iri-iri ce ba, ɗaruruwa. Abin da ke buɗe hanci a cikinta sunansa siniyol, kuma masu haɗa magunguna ba sa karɓar man sai siniyol ɗin ya kai kashi 70 cikin 100. Wani iri yana kaiwa, wani ko kusa. Akwai kuma wani irin mai ƙamshin lemun tsami wanda daga mansa ake yin maganin korar sauro na shafawa. Wanne ne a ƙofar gidanka? Ka yi shiru. Tsiro ɗaya ma, na jigawa da na fadama, na damina da na rani, wanda aka tsinka da asuba da wanda ya sha rana, mansu ba ya zama ɗaya. Mai saye a Turai ko Indiya ba ya sayen rantsuwa. Takardar awo yake tambaya.

Yadda ake awon nan yana da ban sha'awa, bari in kwatanta muku da abin da muka gada. Akwai wani bututu siriri, faɗin raminsa rubu'in milimita, tsawonsa mita 30, an naɗe shi kamar gammo an sa a cikin akwati mai zafi. Sai a ɗiga man da bai kai ɗigon hawaye ba a bakinsa, iskar hiliyam ta kora shi ciki. Ku ɗauka garke ne ya shiga burtali. 'Yan maruƙa marasa nauyi su ke fara ɓullowa, sai karsana, sai shanun tatsa, bijimai na can baya suna jan ƙafa. A ƙarshen burtalin ga mai jangali zaune da littafinsa, duk wadda ta fito ya auna ta ya rubuta sunanta, kuma wannan mai jangalin ba a ɓoye masa saniya a bayan tsauni. Cikin awa guda zai gaya maka cewa man kanumfarin nan kashi 70 zuwa 85 yujinol ne, wato abin da ke kashe zafin haƙori, ko kuma ya tona cewa an sirka shi. Turawan Birtaniya biyu, Martin da James, su suka fito da dabarar a 1952. A nan kam Inna ba ta da ta cewa.

Akwai sabbin hanyoyin da in na faɗa za ku ce na fara sambatu. Iskar nan da ke kumfa a lemon kwalba, in aka matse ta da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 73, a zafin digiri 31, wanda ko rabin ranar Jahun a watan Afrilu ya fi shi, sai ta zama ita ba ruwa ba ita ba iska ba. Ta ratsa citta ko kanumfari ta kwaso man, a sassauta mata ta gudu, ta bar shi tsaf babu ragowar komai. A Jamus aka fara aiki da ita don cire abin da ke hana barci daga gahawa. Su Chemat kuwa na'urar ɗumama abinci suka sa ɗanyen ganye a ciki, ba su ƙara ko ɗigon ruwa ba, ruwan jikin ganyen ya tafasa ya fasa ma'ajiyar man. Aikin awa huɗu da rabi ya koma na rabin awa. A Lesta ta Ingila, a 2003, Andrew Abbott ya haɗa gari biyu busassu, ɗaya gishirin da ake sa wa abincin kaji, ɗaya yuriya irin ta takin zamani, suka narke suka zama ruwa. Daga baya masana a Leiden ta Holan suka nuna ana samun irin wannan da sukari da tsamin 'ya'yan itace, har suka ce zuma ma kusan haka take. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mu, su kuma sai yanzu suka kawo hujja. Man ɓawon lemo kansa, limonin, ana gwada shi a madadin hekzen. Ku tuna da tulin ɓawon da masu yankan lemo ke bari a tasha, awaki na tattakawa.

Kada daɗin labari ya kwashe ku, ni ma ba duka na yarda da su ba. Injin matse iskar nan kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma, kuma yana son wutar lantarkin da ba ta ƙyaftawa. Mu da muke tafi in an kawo wuta, mu bar shi tukuna. Abin da ya dace da mu shi ne tukunyar tururi, wadda maƙerin da ya iya walda zai iya haɗawa. Ita ma tana da sharaɗi. In za a sare itatuwan Jigawa a hura mata wuta, to babu sauran kore a maganar, hamada muka yi wa shimfiɗa. Sai dai kara da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da busasshiyar tuƙar ganyen da aka tatse, ko hasken ranar da muke da shi har ya yi mana yawa. Kuma yawan man ba ya taka kara ya karya: kilo 100 na ganyen turare, in ka samu kilo 1 ko 2 ka gode Allah. Wanda ya zo maka da lissafin zama miloniya a wata uku, riƙe aljihunka.

Haka masu cewa duk abin da ya fito daga ganye ba ya cutarwa. Zaƙami ma ganye ne. Man ganyen turare zalla, cokali ɗaya na iya kai ƙaramin yaro asibiti rai a hannun Allah, na kanumfari kuma yana ƙona dasashi in ba a sirka ba. Tsaftar hanyar tatsa ba ta mai da shi abin sha.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Jigawa na sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, ga ƙaro. Ana loda su a buhu ta Maigatari da Kano, zoɓonmu har Mekziko yake kaiwa. Cittar Kachiya ma haka take fita, a bushe. Can a tatse, a auna, a liƙa takarda, a dawo mana da shi a 'yar kwalba. A lemukan kwalba da dama, ƙaro ne ke riƙe man lemo a cikin ruwa don kada ya taso. Wato ƙaronmu ya je yawon duniya ya dawo, mun saye shi da sanyinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, maƙwabtanmu na jiki. Ɗaliban sinadarai da ke neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe, ga jema, ga kajiji, ga ɗoɗɗoya, ga hano da dashi a dajinmu. Ku tatsa, ku auna, ku rubuta sakamakon da Hausa ma, don Hajiya mai humra ta karanta.

Kai kuma mai miyar kuka, ban manta da kai ba. Yau da dare ka roƙi uwargida aron tukunya. Ka zuba ruwa, ka watsa kanumfari cikin tafin hannu, ka ajiye ƙaramin kwano a tsakiya a kan dutse, ka kifa murfin a juye, ka zuba ruwan sanyi a bayansa, ka bar shi ya tafasa a hankali. Abin da ya ɗiga a kwanon, fari-fari kamar tsarki, ka shinshina, kada ka sha. Jibi ina nan tafe majalisa. Ka zo mini da kwanon, kuma kai za ka biya kuɗin shayi.